Ƙaton Ɗan Birni a Kan Dutse

Ana cewa asibiti ba wurin dariya ba ne, ni dai ban taɓa yarda ba. A ɗakin jira ana nuna wani fim a talabijin: ƙaton ɗan birni yana hawan dutse mai ƙanƙara, yana haki. Wata mata tana ta ƙyalƙyala dariya, tsohon da ke gefenta ya yi tagumi.

"Baba, dubi! Ɗan jagoran nan sai ce masa yake saura kaɗan. Jaki ma ya wuce shi!"

"Haka muke yi a duwatsunmu, 'yata. Ba a faɗa wa mai hawa gaskiyar nisa. In ka faɗa, zama zai yi."

"Ai ƙarya ce, Baba."

"Ƙarya ce. Ita nake yi wa matata tun da aka kwantar da ita. Can aka haife ta, ta san dabarar sarai."

"To me take cewa?"

"Dariya take yi, ta ce in ƙara."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira shi. Ya miƙe da ƙyar.

"Kallar mini sauran. Zan ba ta labari, za ta tambaye ni ko ƙaton ya kai."

"In bai kai ba fa?"

"Ki ce mini ya kai."