Tsohon wasan besbol ya buɗe bakin Babanmu

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, daga unguwar Deptford a nan ƙasar waje nake rubuto muku.

Tun da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dawo da shi gidana, magana ta ɗauke masa. Likita ya ce mu riƙa tuna masa abubuwan da yake so. Da ƙuruciyarsa ya yi karatu a Amurka, kuma ya sha ba mu labarin kulob ɗin besbol na garin da ya zauna, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda. Wata shekara sun fara kakar wasa da shan kashi, suka ƙare da kofi.

Na lalubo tsohon bidiyon wasansu na wannan shekarar, hoton duk dishi-dishi, na kunna masa. Ya zuba ido shiru har na fara karaya. Can wani ɗan wasa ya fito da sandarsa, sai Baba ya taɓa hannuna ya ce, "Hajara, zauna ki gani. Wannan ba ya kuskure."

Na zauna, amma hawaye bai bar ni na ga komai ba. Alhamdulillahi, kullum maganar ƙaruwa take.

Masu sauraro, a ina zan samu sauran wasannin? Ina gaida Yaya Binta a Kano. Yaya, muryar da kika ji a waya jiya, wallahi ta Baba ce.