Ranar da Na Hana Ɗana Nono

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ni ce Saratu, matar Iliya makaniki da ke Bolari. Kun san ni da baki, amma yau ku yi mini haƙuri in muryata ta riƙa rawa.

Tun kafin a yi sunan ɗanmu Yakubu na ga ba lafiya. In ya kama nono sai ya saki yana haki, gumi sharkaf, leɓensa ya yi baƙi. A babban asibiti aka ce zuciyarsa ce, sai an yi aiki. Likitocin da ke wannan aiki baƙi ne, kwanaki kaɗan za su yi a Gombe su tafi. Likita ya gaya mana a fili cewa yaron ba zai iya jiran dawowarsu ba.

Iliya da mazan ikilisiya suka ba da jini. Ni kuwa ko abinci ba ya wuce mini. Na daina addu'a, gaskiya nake faɗa muku. Fushi nake yi da Allah.

Ran aikin, nas ta ce daga asuba kada komai ya shiga bakinsa, ko ɗigon ruwa. In ya sha, an fasa aiki ke nan.

Hantsi ya yi ba a kira mu ba. Yakubu yana ta kuka, yana juya kai yana neman ƙirjina, nono kuma ya jiƙa mini riga. Surukata da ta zo daga Kwadon don wankan jegona ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Saratu, ki ba shi. Ni na haifi yara na raine su, ban taɓa ganin inda aka hana jariri nono ba. Yunwa za ta kashe shi kafin wuƙarsu."

Na ce, "Mama, an hana."

"Wa zai gani? Na tare miki da zane."

Ta kuwa ware zanen ta tare. Ta ɗora mini Yakubu a cinya da hannunta. Mama ba muguwa ba ce, jikanta take so, tana magana hawaye na zuba. Hannuna ya kai bakin rigata. 

Nan na durƙusa da shi a ƙasa, a gaban mutane. Na ce, "Yesu, ban iya ba. Ka riƙe mini hannu, in ba haka ba zan ba shi." Iyakar addu'ar ke nan, na yi ta maimaitawa.

Kukan bai tsaya ba. Amma hannuna ya sauka, na miƙa wa Iliya shi na juya fuskata bango. Mama ta ce ni marar tausayi ce, ta fita waje. Ba a jima ba nas ta zo, ta dube ni ta ce, "Maman Yakubu, ya sha wani abu?" Na ce a'a, kuma gaskiya ce. Ta karɓe shi.

Sai la'asar likita ya fito ya ce an gama, yaron yana numfashi. Mama ce ta fara faɗuwa ƙasa tana yabon Ubangiji, ta kama ƙafata.

Ba mu gama fita daga wannan jarrabawa ba, 'yan'uwa. Ɗinki na nan a ƙirjinsa, tari kaɗan ya yi sai gabana ya faɗi. An hana ni goya shi sai ƙashin ya haɗe, shi ya sa kuke ganina da shi a hannu kullum kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na gode wa Allah, na gode muku. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a cikinku, ya kira Yesu ko da kalma ɗaya ce, yana ji. Ku ci gaba da yi mana addu'a, don ina so wata Lahadi in shigo ta ƙofar can da Yakubu a bayana. Amin.