Kwalba Huɗu, Saniya Ɗaya

A tashar Jiratawa, wani dattijo ya leƙa kwandon matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, madara kwalba huɗu?"

"Ta saniyata ce, Malam, kowane kan nono da kwalbarsa. Maraɗi zan kai awo, a duba ko akwai cuta."

"Hantsar ta kumbura?"

"A ido lafiya lau. Amma madara sai raguwa take, jikokina kuwa ita suke sha."

"Sayi allura a kasuwa! Ni duk wata nake tsira wa shanuna."

"Sau uku na yi. Likitan dabbobi ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da maganin. Ba zan ƙara ba sai an auna."

"Surutun 'yan boko!"

Can ya sassauta murya.

"Shanu shida fa, kwalba nawa?"

"Ashirin da huɗu, Malam."