'Yan Tsakina Takwas da Tukunyar Toka

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Kwargaba. Ina jin kunyar magana a waya, shi ya sa na rubuto.

Kaza ɗaya gare ni. Kwana biyu da ƙyanƙyasa muzuru ya kashe ta, ta bar mini 'yan tsaki tara, ga sanyin damina. Na sa su a akurki da kasko cike da garwashi. Da na dawo daga ɗiban ruwa, na tarar sun manne da bango, baki buɗe, ɗaya ya mutu.

Kaka ta leƙo ta ce, "Ke, mi kinka yi? Gasa muna su za ki yi?"

Sai ta koya mini yadda kakarta take yi a Wurno tun kafin zuwan Turawa. Garwashi kaɗan a tukunyar ƙasa, a binne shi da toka, a rufe, a shimfiɗa buntun shinkafa kewaye. In sun hau juna, sanyi suke ji. In sun guji tukunyar, zafi ya yi yawa.

Yanzu da hantsi nakan zauna ina kallonsu sun baje suna barci, 'yan cikinsu na motsi a hankali. Sai in ga kamar sun girma, na musanya su da tunkiya, ina kora ta bakin gulbi.

Malam, a tambayar mini masu kiwo: yaushe zan cire tukunyar? Kaka ta ce ta manta, ni kuwa ba na son in sake binne wani. Ina gaida ƙawata Rabi ta Kagara.