Kwanciyar Kwaɗo

A layin ganin likitan ƙashi a Nairobi, Wekesa direban tirela ya zauna a karkace. Tsohuwar da ke gefensa ta ƙare masa kallo.

"Hatsari ka yi, ɗana?"

Ya so ya ce e, bakinsa ya ƙi.

"Rawa ce, Mama."

"Da wannan tumbin?"

"'Yata Nanjala ke koyon bale, rawar nan ta kan yatsun ƙafa. Malamarsu ta ce kullum ta kwanta rub da ciki, gwiwoyi a baje kamar kwaɗo, don ƙugu ya buɗe, baya ya miƙe. Yarinya ta ce da zafi, ta fasa rawar. Na ce wannan ɗan abin? Matsa ki gani."

"Ta gani?"

"Har maƙwabta sun gani. Su suka ɗaga ni."

"Uwarta ba ta hana ka ba?"

Wekesa ya sunkuyar da kai.

"Tun rasuwar uwarta ban ji dariyar yarinyar nan ba sai jiya. Da safe na tarar da ita kan tabarma tana yi."

"To ka huta."

"Ina fa. Ta ce in na warke, saura na ɗaga ƙafa har kunne."