Giyar da Ba Ta Kumfa

A wani shagon kayan haɗa giyar gida a garin Zahle na ƙasar Lebanon, wani saurayi yana tsaye a layi bayan wani dattijo mai sanƙo.

"Kawu, don Allah, me ake sa wa giya ta yi kumfa?" in ji saurayin da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya taka take fitowa?"

"Fara fat, kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin in ajiye kofi kumfar ta mutu."

"Soyayyen sha'ir za ka jiƙa a ruwan ɗumi, shi ke ba da launi. Ka ƙara 'yar alkama don kumfa. Kofin kuma ka ɗauraye sabulun sosai. Wata mai zuwa ka ga aiki."

"Wata? Ni Lahadi nake so."

"Kora ka ake yi ne?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Abu Milad ne, mahaifin yarinyar da zan aura. Ranar da ya zo gidanmu, kunya ta hana ni ba shi tawa. Na sayo ta kanti, na juye a kwalabena."

"Ya gane?"

"Ina ma! Yabawa ya yi ta yi. Yanzu ranar Lahadi zai zo da ƙannensa in koya musu."

Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Kawu, ko za ka sayar mini da taka, in ce tawa ce?"

Dariyar ta tsaya. Dattijon ya kalli takalmansa.

"Ɗana, ni karantawa kawai na yi. Tawa matata ke zuba wa tumatir."