"Da Sauƙi" Ta Masu Dubiya Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, tare da masu sauraro.

Bara jini ya zuba a ƙwaƙwalwar maiɗakina. Aka ba ta maganin hana jijiyoyin kai tsukewa, aka gargaɗe mu cewa yakan taɓa zuciya. Duk sa'ad da likita ya tambayi jiki, sai ta ce, "Da sauƙi," yadda aka tarbiyyantar da mu. Ni kuwa ta raɗa mini, "Malam, ƙirjina na bugawa, ga jiri." Na sanar da likita, ya auna, ya gyara maganin.

Yau tana gida Bakura lafiya, tana mini faɗa wai na tona mata asiri. Jama'a, "da sauƙi" ta masu dubiya ce, likita gaskiya ake gaya masa. Ina gaida dattawan Dakko.